3.2 Taƙaitattun Sunayen Ingilishi a Bakin Mutanen Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Taƙaitattun sunaye iri biyu ne. Akwai waɗanda ake furta harufansu ɗaya bayan ɗaya, kamar N.A. da D.O., akwai kuma waɗanda ake karantawa tamkar kalma guda, kamar NEPA.

Kashin farko ya fi daɗewa a wannan yanki. N.A. na nufin Native Authority, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, wadda Bahaushe ya mayar En'e. D.O. kuwa, wato Baturen da ke kula da gunduma, ya zama Di'o. An rushe tsarin En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma har yanzu dattawa a Zurmi da Shinkafi sukan ce "zamanin En'e", ba tare da tunanin harufa biyu ne na Ingilishi ba.

NEPA ta fi ban sha'awa. An kafa wannan hukumar lantarki a 1972, aka sauya ta da PHCN a 2005, amma sabon sunan bai zauna a baki ba, domin ba shi da wasali ko ɗaya. Da yake Hausa ba ta da /p/, sai aka ce Nefa, ma'anar kuma ta faɗaɗa zuwa wutar kanta: "an kawo Nefa."

A Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ND da HND sunayen takardun difloma ne, ƙarama da babba, kuma ɗalibai kan furta su da lafazin Ingilishi.