Zuwa Yankari da iyali: A shirya jakar magani kafin kular abinci



Kwana huɗu bayan Sallar da ta wuce, wani magidanci ya shigo shagon maganin da nake aiki riƙe da kwalbar insulin, ransa a ɓace. "Likita, wannan magani jabu ne," in ji shi. "Kwana uku ke nan Hajiyarmu na yin allurar, amma sukarinta sai hawa yake yi." Na duba kwalbar, lambar NAFDAC na nan, wa'adinta bai ƙare ba. Na ce, "Alhaji, a ina ake ajiye shi?" Ya ce a firji, in ban da ranar da suka kai Hajiya Yankari da jikokinta. Ranar an bar jakarta a cikin mota tun hantsi har bayan la'asar. Ashe rana ce ta dafa maganin. An sauya kwalba, an kai ta asibiti, Allah Ya taƙaita abin.

Mu a Bauchi ba mu da bakin teku irin na Legas, amma Allah Ya ba mu wuraren shaƙatawar da mutane ke yin takakkiya daga nesa don su gani. Dajin Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri an keɓe shi ne a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina. Akwai ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ba ya sauka daga kusan digiri 31, damina da rani. Ta hanyar Kafin Madaki kuma akwai gandun Sumu a Ganjuwa, inda yara za su ga raƙumin dawa da jakin dawa da aka kawo daga Namibiya. Wanda ba zai iya tafiya mai nisa ba, kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa na nan cikin gari.

Fita irin wannan na da amfani ga lafiya. Yara su ajiye waya su motsa jiki, uwar gida ta huta da kicin, tsoho ya sha iska. Don haka kada ciwon sukari ko asma ya sa a riƙa barin wani a gida. Abin da ake bukata shi ne shiri, domin daga Bauchi zuwa sansanin Wikki tafiyar sama da kilomita 100 ce, kuma bayan an wuce ƙofar Mainamaji akwai sauran kimanin kilomita 40 a cikin daji. Abin da aka manta a gida, an manta shi ke nan.

Zafi da magani

Yawancin magunguna ana so a ajiye su a wurin da zafinsa bai kai digiri 30 ba. Motar da aka kulle a rana kuwa, a watan Maris ko Afrilu, cikinta na iya haura digiri 50. Insulin da ba a buɗe ba firji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani da shi yakan yi kusan mako huɗu a wajen firji idan wurin ba zafi. A tafiya, a naɗe shi a tsumma mai tsabta, a sa a ƙaramar kula tare da robar ruwan sanyi. Kada ya taɓa ƙanƙara, domin idan ya daskare shi ma ya lalace. Matsalar ita ce insulin da zafi ya ɓata ba lallai ne ya sauya launi ba.

Abin shaƙa na masu asma gwangwani ne mai iska a matse, bai dace a bar shi a gaban mota ba. Ya zauna a jikin mai shi, musamman a motar zaga daji inda ƙura ke tashi. Mai hawan jini ya sha maganinsa a lokacin da ya saba. Mai ciwon sukari ya riƙe dabino ko alawa, saboda yawo da jinkirin cin abinci na sa sukari ya faɗi, mutum ya fara gumi da karkarwa.

Me ya kamata ya shiga jakar?

Bayan maganin da kowa ke sha kullum, a ɗauki farasitamol na manya da na yara, da cokalin awonsa. A ɗauki ƙunshin ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa: ƙunshi ɗaya a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, kuma abin da ya kwana 1 bayan haɗawa a zubar. A haɗa da filasta da bandeji da sabulu, da man korar sauro, da gidan sauro ga masu kwana. Idan yaro na amai a mota, a tambayi mai harhaɗa magani tun kafin ranar tafiya. Irin waɗannan magunguna na sa barci, don haka direba kada ya sha.

A bakin ruwa da cikin daji

Ruwan Wikki garai yake, har kana ganin yashin ƙasa, shi ya sa yake ruɗar ido. Akwai inda zurfinsa ke shanye babban mutum. A wakilta mutum ɗaya da aikinsa kallon yara kawai, ba ɗaukar hoto ba. Yaro kan nutse shiru, ba tare da ihu ba.

Iyayen masu ciwon sikila su kula da abu biyu: ƙishirwa da sanyi. Yaro ya fito daga ruwan ɗumi iskar hunturu ta buge shi, ciwon na iya tashi. A goge masa jiki nan take, a sa masa busassun kaya, a riƙa ba shi ruwan sha ko bai nema ba. Kada kuma a bar yara su faɗa kududdufi ko rafin da aka gani a hanya, a irin wannan ruwa ake kwasar tsargiya.

Duk wanda ya taɓa zuwa Wikki ya san gwaggon biri ba ya jin kunyar fizge leda. Kada a ba yaro abinci ya riƙe a fili, kada a bar jakar magani a buɗe. Idan biri ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar. Ƙudan tsando kuma baƙin kaya da shuɗi yake bi, don haka a sa kaya masu haske masu dogon hannu, da takalmi rufaffe.

Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a sanar da jami'an gandun, a garzaya asibiti. Dafin kububuwa na hana jini daskarewa, kuma mutum na iya ganin kamar lafiyarsa lau a sa'o'in farko.

Bayan an dawo gida, duk wanda zazzaɓi ya kama a cikin mako biyu a yi masa gwajin maleriya kafin a ba shi magani.

Alhajin nan ya sake leƙo ni kwanan baya. Ya ce Hajiya ta matsa sai an kai ta Sumu a hutun ƙarshen shekara, ya zo a nuna masa yadda zai shirya kular maganinta. Na nuna masa, na kuma rubuta masa sunayen magungunanta da adadin da take sha a takarda ya sa a aljihu. Ku ma ku yi haka kafin ku tayar da mota.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.