Tsakanin jinya da ɗauri: Takardun da doka ta gindaya kafin a kwantar da mai taɓin hankali bisa tilas

Idan lalurar ƙwaƙwalwa ta yi tsanani a wani gida na Minna, ko a Bosso ne, ko Tunga, ko Chanchaga, da wuya maganar takarda ta zo wa dangi a rai. Abin da ke gabansu shi ne yadda za a danne mutum a sa shi a mota, da inda za a nufa da shi, wurin malami ko mai maganin gargajiya ko asibiti. Sai dai a idon shari'a, wanda aka kulle ba da yardarsa ba an tauye masa 'yanci ne, ko da mahaifinsa ne ya riƙe mabuɗin, kuma ko da niyyar alheri aka yi hakan.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin walwala, sannan ya jero yanayin da za a iya tauye shi. Daga ciki akwai na masu taɓin hankali, domin kula da su, ko yi musu magani, ko kare jama'a. Amma ya gindaya cewa sai ta hanyar da doka ta tsara. Wannan sashen kuma ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba damar neman diyya da ban haƙuri a bainar jama'a.

Tsawon shekaru fiye da 100, hanyar da doka ta tsara ɗin ta Turawan mulkin mallaka ce. An kafa ta a 1916, aka sake tsara ta a 1958, jihohin Arewa kuma suka gaji irinta, ciki har da Neja wadda aka ƙirƙiro a 1976. A ƙarƙashinta, likitan gwamnati na iya tsare wanda ake zargin ya taɓu na kwana 7 domin a lura da shi. Daga nan magana ta koma gaban alƙalin majistare: wani ya yi rantsuwa cewa wane ya zautu, alƙali ya bincika, ya naɗa likita ya duba shi ya sa hannu a takardar shaida, sai a ayyana shi mahaukaci a ba da umarnin killace shi. Ƙofar shiga a buɗe take, ta fita kuwa ƙunci gare ta, domin dokar killacewa ta sa a gaba, magani bai dame ta ba. Ta wannan kafa ce mutanen da ba su aikata laifin komai ba suka riƙa ƙarewa a gidajen yari, inda wasu suka shafe shekaru.

A watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar a matakin tarayya. Sabuwar dokar ta ɗauke nauyin farko daga kotu ta ɗora wa likitoci, ta kuma ƙuntata dalilin tilastawa. Surutai ko baƙin hali ko gajiyar dangi ba su isa hujja ba. Sai an tabbatar lalurar na gab da sa mutum ya cutar da kansa ko wani, ko kuma barinsa babu magani zai sa halinsa ya taɓarɓare matuƙa. Iyaye ko mai kula da shi su ne kan gaba wajen shigar da buƙata ga likitan da ke jagorantar asibitin, likitoci 2 su duba shi kowanne da kansa, su rubuta shawararsu da dalilansu. Kwanciyar farko ba ta wuce kwana 28, kuma akwai kwamitin tantancewa da aka ɗora wa bibiyar irin wannan tsarewa da sauraron ƙorafin majinyaci. Ga dangi, amfanin wannan a aikace shi ne su nemi sanin ranar da aka rubuta an kwantar da ɗan'uwansu, da sunayen likitocin da suka sa hannu, domin daga ranar ce ake lissafin wa'adi.

A rubuce tsarin ya yi kyau. Matsalar ita ce ƙasar da aka rubuta shi dominta. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa ƙwararrun da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Neja ce jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa, da ƙananan hukumomi 25. Mutumin da ciwo ya buge a ƙauyen Borgu ko Mariga yana da doguwar tafiya kafin ya ga likita ɗaya da ya san wannan fanni, balle biyu. Masu hali kan ɗauki hanyar Kaduna, zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, marasa hali kuma su koma ga abin da ke kusa da su. Ga kuma batun hurumi: lauyoyi da dama na ganin dokar tarayya ba ta hawa kan asibitocin jiha kai tsaye sai majalisar dokokin jihar ta yi tata, kamar yadda Legas ta riga ta yi.

Inda babu takarda kuwa, an ga abin da ke biyo baya. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutane sama da 300, da yawa a ɗaure da sarƙa. Makonni kaɗan bayan haka aka bankaɗo irinsa a Daura. A watan Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ziyartar cibiyoyi 28 a jihohi 8 da Abuja, inda ta tarar ana ɗaure masu lalurar a kusan dukkansu, har da wasu na gwamnati. Akasarin waɗanda ke ciki danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi, babu likitan da ya duba su, babu ranar sallama, babu wanda za su kai wa kuka.

Haka lamarin yake ga waɗanda jami'ai kan kwashe daga tituna da bakin kasuwanni da sunan tsaftace gari. Mai yawo a tashar mota da tsummokara shi ma yana ƙarƙashin sashe na 35, kuma duk wanda ya ɗauke shi ya kulle wajibi ne ya iya nuna likitan da ya duba shi, da dokar da ta ba shi izini, da ranar da za a sake duba batunsa. Idan aka rasa waɗannan, ɗan'uwa ko ƙungiyar kare haƙƙi na iya shigar da ƙara a madadinsa a babbar kotun jiha da ke Minna, bisa ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009, waɗanda suka halasta wa wani ya tsaya wa wanda ba zai iya zuwa kotu da kansa ba.