Ruwan da Ya Zo Jega Ba Hadari

Ga kacici-kacici: kwana huɗu sama tas, ko tsinken hadari babu. Manomi ya kwanta ya bar shinkafarsa tsaye a fadamar Jega, ya wayi gari ko zangarniya ba ya hange. Wa ya shigo da ruwan cikin dare?

Na fara cigiya a teburin mai shayi. Wani direba da ya yo lodin albasa daga Aliero, zai bi ta Maiyama ya yi kudu, ko kofinsa bai ajiye ba ya yanke hukunci: "Malam, Goronyo suka buɗe." Yana da hujja. A Satumbar 2010 ruwan madatsar ya yi ɓarna a Sakkwato da Kebbi, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Na kusa rufe littafina, sai na tuna da taswira. Goronyo tana kan Gulbin Rima. Ruwanta da na madatsar Bakolori ta Argungu da Birnin Kebbi suke bi. Ko ɗaya bai taka Jega ba. To, wa ya rage?

Aka ce magudanan gari da leda ta toshe. Sun toshe kam, amma kwata ba ta haihuwar ruwa. Wata gwaggo kuma ta ce mutanen ruwa ne suka yi fushi. Ban yi mata musu ba, sai dai ban san inda zan kai musu sammaci ba.

Na gangara bakin gulbi. Ruwan ja, da kauri kamar kunu. Ga kututture. Ga karan dawa. Ga ƙwarya a kife tana juyi. Wani tsohon masunci yana ɗinkin koma.

"Ɗana, dubi launinsa. Wannan ƙasar ba tamu ba ce."

"Ta ina ce, Baba?"

Ya nuna gabas da haɓa.

Ashe ɓarawon a sunan gulbin ya ɓuya. Gulbin Zamfara ne, wanda ya ratso Anka da Gummi kafin ya iso Jega. In Agusta ta shayar da ƙasa ta ƙoshi, ruwan da ya sauka can ba shi da wurin nutsewa. Korama ta miƙa wa rafi, rafi ya miƙa wa gulbi, gulbi ya ɗauko kaya ya taho da ƙafarsa, kwana da kwanaki. Kafin ya iso, hadarin da ya haife shi ya daɗe da watsewa. Idan kuma Gulbin Sakkwato da zai karɓe shi a gaba ya cika maƙil, sai baƙo ya rasa masauki ya bazu cikin fadama. A nan direbanmu ya ci rabin gaskiya, tunda ruwan madatsun nan cikin Gulbin Sakkwato yake zuba. Daminar 2020, da ta haɗiye dubban ɗaruruwan hekta na shinkafar Kebbi, ta nuna yadda fadama ke komawa teku.

Hukumar NIHSA kan fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ke hari kowace shekara, amma takarda ba ta faɗin rana. Baba yana da tasa hukumar: wata tsohuwar waya ɗaure da roba, da lambar wani ɗan uwansa a Gummi. "In ya ce ruwa ya hau, sai in ja jirgina tudu, in aika wa masu gona."

Bai rufe baki ba wayar ta yi ƙara. Ya duba. Ya ajiye koma. Ya fara kwance igiya.