Asma a Ƙirjin Ƙaramin Yaro

Asma ciwo ne na hanyoyin iska a huhu. Sukan kumbura su tsuke, majina ta taru, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito, tari ya tsananta da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ne ke fama da ita a 2019. Ba tarin fuka ba ce, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

A Giyawa da sauran garuruwan Goronyo, Wurno da Rabah, masu tayar da ita sanannu ne: hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, ƙurar sussuka, ga hazon hunturu. Uwar da ke hura wuta da goyo a baya, tare suke shaƙar hayaƙin. A miƙa yaron ga kaka ko yaya har a sauke tukunya.

Sai dai ba kowane jariri mai shessheƙa ke da asma ba; mura da nimoniya ma kan kawo haka, don haka ma'aikacin lafiya ne zai tantance. Idan ya rubuta maganin shaƙa na salbutamol, kada a ji tsoro. Zancen cewa wanda ya fara shaƙa ba ya dainawa ba gaskiya ba ne, kuma ya cuci yara da yawa.

Matsalar ita ce ƙaramin yaro bai iya jan numfashi daidai lokacin fesawa ba. Likitoci a Afirka ta Kudu sun nuna a 1999 cewa gorar roba mai cin rabin lita tana magance wannan. A huda gindinta daidai bakin maganin, a girgiza shi, a cusa bakinsa a ramin, a fesa sau ɗaya, yaro ya ja numfashi biyar ko shida ta bakin gorar. Jariri kuwa sai an haɗa da marufin hanci da baki. Iyaye su gwada a gaban ma'aikacin lafiya har hannu ya saba. Jin bayani kawai ba ya isa.

Idan haƙarƙari na lotsawa, ko yaro ya kasa shan nono, ko leɓɓansa sun sauya launi, a ba shi maganin a kama hanyar asibiti nan take. Kada a tsaya kiran wanzami ya cire beli, kada kuma a jira gari ya waye.