Dajin da ke kwance a ƙarƙashin gonakin Boɗinga da Shagari

Hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega tana ratsa Boɗinga da Shagari. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a ma'aunin Salsiyas, abin da matafiyi zai fi gani shi ne gonaki fayau, da dogon yaro a cikin garuruwa, sai damman itace da buhunan gawayi jere a bakin titi.

Da wuya wani ya kira wannan wuri daji. Idan ana maganar dazuzzukan ƙasashe masu zafi, hankali kan tafi Kongo ko Amazon ko Kuros Riba, inda ruwan sama ke haura milimita 2,000 a shekara. Amma masana muhalli suna lissafa dazuzzukan yankuna masu ƙarancin ruwa a cikin wannan rukuni, kuma na Sakkwato yana cikinsu.

Bambancin yana ga abin da itatuwa ke kokawa a kai. A kurmi, hasken rana suke rububi, shi ya sa suke miƙewa sama. A nan kuwa ruwa ne abin nema, domin damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, kuma ruwan da ake samu bai fi milimita 600 zuwa 700 ba. Saboda haka itatuwanmu sukan ɓoye ƙarfinsu a ƙasa, cikin saiwoyi.

Gawo, mai saɓa wa sauran itatuwa

Gawo yana zubar da ganyensa da damina, sannan ya yi kore shar da rani. Doguwar saiwarsa ce ke kai shi ga ruwan ƙarƙashin ƙasa a lokacin da komai ya bushe.

Wannan hali nasa riba ne ga manomi. Da damina ba ya tare wa gero da dawa hasken rana, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe ya zama taki. Yana kuma cikin itatuwan da ke ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, wanda manoma ke saye da tsada a buhun yuriya.

Da rani dabbobi kan fake a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Shi ya sa hatsin da ke gindin gawo yakan fi na sauran gona kyau. Tun a ƙarni na 19 sarakunan Damagaram suka kafa doka mai tsanani a kan sare shi.

Kalgo da sabara

Kalgo da sabara su ne ake fara sarewa a lokacin sharar gona, domin ana yi musu kallon ciyayi masu tare wuri. Sai dai binciken da aka yi a gonakin gero a Senegal ya nuna cewa saiwoyin sabara suna jawo ruwa daga zurfin ƙasa da dare, su saki wani ɓangare kusa da sama, inda saiwar gero ke iya kai wa. Idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, wannan ɗan danshi na iya zama abin da zai ceci shuka.

Bayan haka suna tare ƙura da busasshen ganye da iska ke kwasowa, suna kuma rage gudun iskar farkon damina da ke binne ƙananan shuka da rairayi.

Kowa da aikinsa

Daji ba itatuwa ba ne kawai. Jemagu ne ke kai ƙurar fure tsakanin furannin kuka da na ɗorawa da dare, don haka miyar kuka da daddawa duk suna da alaƙa da su. Irin gawo yana da tauri, kuma ratsa cikin saniya ko akuya na taimaka masa ya tsiro. Makiyayi da ke bin burtali yana shuka daji ke nan ba tare da ya ɗauki fartanya ba.

Gara ma, da ake ƙi saboda ɓarna, tana narkar da kara da ganye, ramukanta kuma suna buɗe wa ruwan sama hanyar shiga ƙasa maimakon ya kwarara ya tafi da ita.

Idan itatuwa suka ragu, ruwan sama kan wanke ƙasar gona zuwa rafuka da fadamu. Daga nan yashin ke gangarawa zuwa wurare irin madatsar ruwa ta Shagari, wadda masu noman rani da masunta suka dogara da ita.

Me ke cinye dajin?

Fari na shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ya kashe itatuwa masu yawa a faɗin yankin Sahel. Tun daga lokacin jama'a ta ƙaru, gonaki sun faɗaɗa, kuma al'adar barin gona ta huta ta kusa ɓacewa.

Kusanci da birnin Sakkwato ma yana da nasa nauyi. Gidaje da gidajen burodi da masu tsire duk suna buƙatar makamashi, kuma tsadar gas da kananzir ta mayar da mutane da dama ga itace da gawayi. Mai sarewa yawanci talaka ne da ke neman abin sa wa a baki, don haka tsawa kaɗai ba za ta hana shi ba.

Gwamnatoci sun fi karkata ga dashe. Sakkwato na cikin jihohi 11 da aka fara shirin Babbar Koriyar Ganuwa da su, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Tana kuma cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021. Matsalar dashe ita ce ɗan itacen da aka dasa sai ya tsallake wata takwas na rani da bakin awaki kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Darasin Maraɗi

A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke gonakin Maraɗi ba ciyayi ba ne. Toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙasa.

Dabarar da ta biyo baya, wadda manoman can ke kira sassaben zamani, ba ta buƙatar kuɗi. Manomi zai zaɓi rassa masu ƙarfi biyu zuwa biyar a kan kututture, ya datse sauran, ya kare waɗanda ya bari. Tun da saiwa ta riga ta yi zurfi, itacen kan girma da sauri ba tare da ban ruwa ba. Rassan da aka datse kuma su zama na girki.

An ƙiyasta cewa ta wannan hanya Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Abin da ya ƙarfafa gwiwar manoma shi ne sassaucin da aka samu a dokokin ƙasa da na daji a 1993 da 2004, wanda ya sa suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu.

Gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya da ke Maraɗi su ne dai a gonakin Sifawa da Dingyaɗi da Kajiji da Dandin Mahe. Abin da ya rage shi ne hakimai da dagatai da malaman daji su tabbatar wa manomi cewa itacen da ya raina ba za a sare masa da dare ba, kuma ba za a ci shi tara idan ya datse reshensa ba.

Kowace shekara kafin saukar ruwan farko, manomi kan tsaya da gatari a gaban tohon da ya fito daga tsohon kututture. Abin da ya yanke a wannan lokaci, ya sare ko ya bari, shi zai nuna irin gonar da 'ya'yansa za su gada.