3.4 Tsabtace Ɗakin Noman Tabar Wiwi Bayan Aukuwar Barbara

A wannan sashe za a yi bayanin yadda gonakin cikin ɗaki masu lasisi a ƙasar Kanada suke tsabtace wurarensu idan barbara ta auku ba da nufi ba. Ƙasar ta halatta noman wiwi ranar 17 ga Oktoba, 2018, kuma ma'aikatar lafiyarta ta wajabta wa masu lasisi bin tsarin tsabta. A Nijeriya kuwa noman wannan tsiro laifi ne, kuma hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ita ce ke yaƙi da shi.

3.4.1 Ma'anar Barbara da Illarta

Wiwi na daga cikin tsirran da namijinsu daban, macensu daban, kamar dabino. Namiji shi ke fitar da ƙurar fure, wato wani gari mai laushi, mai ruwan ɗorawa. Idan wannan ƙura ta sauka a kan furen mace, to an yi barbara ke nan, sai iri ya fara ƙulluwa. Iska ce ke ɗaukar ƙurar, kuma takan kai ta nesa ƙwarai, domin an sha samun ƙurar wiwin arewacin Maroko a kudancin Sifen.

Abin da kamfanonin suke sayarwa shi ne furen macen da ba a barbare ta ba. Da zarar iri ya ƙullu, tsiron yakan mayar da ƙarfinsa ga renon 'ya'ya, sai danƙon furen ya ragu, darajar amfanin ta faɗi. Saboda haka mata zalla ake ajiyewa a ɗakin.

3.4.2 Musabbabin Barbara

Barbara takan faru ta hanyoyi uku. Ta farko, namiji ya ɓuya a cikin mata ba a gane shi da wuri ba. Ta biyu, ƙurar ta shigo daga waje ta kafar iska ko a jikin tufafin ma'aikata. Ta uku kuwa, wadda ta fi wuyar ganewa, ita ce mace ta rikiɗa ta zama mata-maza, ta fitar da furen namiji a jikinta. Hakan yakan biyo bayan wahalar da tsiron ya sha, kamar tsananin zafi, ko kutsowar haske a cikin awa 12 na duhun da ake ba shi kullum a lokacin fure, ko kuma gadon irin.

3.4.3 Yadda Ake Tsabtacewa

Tushen aikin gaba ɗaya shi ne sanin cewa danshi yana kashe ƙurar fure, alhali bushewa da sanyi suna tsawaita ranta. Don haka shara da tsintsiya ko kakkaɓa ba abin da suke ƙarawa sai baza ta.

Da farko ana kashe fankoki da na'urorin shaƙar iska, don kada ƙurar ta ƙetara zuwa sauran ɗakuna. Daga nan sai a fesa ruwa a kan tsirran da suka rage, a sa su a manyan ledoji, a ɗaure kafin a fitar. Bayan ɗakin ya zama fayau, sai a wanke shi da ruwa da sabulu, a faro daga rufi, a sauko bango, a ƙare da daɓe, domin dauɗar sama ta taru a ƙasa. Fitilu da fukafukan fanka ana goge su da jiƙaƙƙen tsumma bayan an yanke wuta. Matatun iska kuwa sauya su ake yi, saboda a nan ƙura ta fi maƙalewa.

Bugu da ƙari, ana tsince 'ya'yan da suka zube a magudanai da tukwane, domin idan suka tsiro, kusan rabinsu na iya zama maza. Haka kuma ana wanke tufafi da takalman ma'aikata. Daga ƙarshe a bi ɗakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda funfuna, a bar shi ya bushe kafin a shigo da sabon dashe.

3.4.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa wanki yana kawar da ƙurar da ta riga ta zuba ne kawai. Idan ba a toshe kafar da haske ke shigowa ba, ko ba a yar da irin da ke rikiɗa ba, to barbarar za ta sake aukuwa a shuka ta gaba. Ke nan wajibi ne a gano musabbabin tun kafin a taɓa bokiti. A sashe na gaba za a dubi yadda ake tace iskar da ke shiga irin waɗannan ɗakuna.