Hoton Dutsen Riyom na wane ne? Haƙƙin masu ɗaukar hoto na Jos a intanet

Duk wanda ya taɓa duba kalanda ko ƙasidar yawon buɗe ido kan Jihar Filato, da wuya bai ci karo da Dutsen Riyom ba, duwatsun nan da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Haka ma tsaunukan Shere, da ruwan Assop, da masu rawa a bikin Nzem Berom. Abin da ba a cika gani ba shi ne sunan wanda ya yi sammako cikin sanyin Jos, ya jira hasken hantsi, ya ɗauki hoton.

Jos ta daɗe da sanin kyamara, domin a nan hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya take, tare da cibiyarta ta koyar da aikin fim. Matasan garin da suka riƙi ɗaukar hoto sana'a suna baje kolinsu ne a Instagram da Facebook, inda masu biki da 'yan kasuwa ke nemo su. Amma kafin kowannensu ya ɗora hoton farko, sai da ya danna maɓallin amincewa da sharuɗɗan da mutane kaɗan ne ke karantawa.

Sharuɗɗan Meta, kamfanin da ya mallaki dandalin biyu, sun bar wa mai hoto mallakar hotonsa. Sai dai da zarar ya ɗora shi, ya ba kamfanin izinin adana shi, da kwafarsa, da sauya masa fasali, da yaɗa shi a ko'ina a duniya ba tare da biyan ko kwabo ba, kuma kamfanin na iya miƙa izinin ga wani. Izinin yana ƙarewa idan an goge hoton daga rumbun kamfanin. Wannan yarjejeniya ce tsakanin mai hoto da kamfanin, ba ta ba duk mai wucewa damar sauke hoton ya buga a fosta ba.

Sharuɗɗan kuma suna canzawa. A Disambar 2012, watanni bayan Facebook ya sayi Instagram kan dala biliyan 1, dandalin ya fito da wasu sababbi da jama'a suka fahimta a matsayin damar sa hotunansu a talla kyauta. Ƙorafi ya yi yawa, har Kevin Systrom, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa dandalin, ya janye sashen.

Shari'ar da ta fi haska lamarin ita ce ta Daniel Morel, ɗan ƙasar Haiti. Da girgizar ƙasa ta auka wa ƙasarsa ranar 12 ga Janairu, 2010, ya yaɗa hotunan ɓarnar ta hanyar Twitter. Kamfanin dillancin labarai na AFP da Getty Images suka rarraba su ba da izininsa ba, AFP kuma ya kafa hujja da sharuɗɗan Twitter. Kotu a Amurka ta ƙi wannan hujja, kuma a Nuwambar 2013 aka yanke wa Morel diyyar dala miliyan 1.2.

A Najeriya, dogaron mai hoto shi ne Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023. Ba sai ya yi rajista ba kafin ta kare shi, kuma kariyar hoto tana ɗaukar shekara 50 bayan fitar da shi ga jama'a. Dokar ta ba shi haƙƙin a ambaci sunansa a aikinsa, ta kuma buɗe masa hanyar rubuta wa masu dandali su sauke hoton da aka ɗora ba da yardarsa ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke kula da aiwatar da ita.

A nan ne batun ya shafi jami'an yaɗa labarai da hadiman manya a Abuja. Idan minista zai kai ziyara Jos, ana son sanarwa kafin a tashi daga ofis, hanya mafi sauƙi ita ce a kwafo hoto daga shafin wani, a yanke sunan da ke gefe, a liƙa tambarin ma'aikata. Yin haka na iya jawo wa ma'aikatar ƙara a Babbar Kotun Tarayya, wadda ke sauraron shari'o'in haƙƙin mallaka. Hoton da ma'aikaci ya ɗauka a ƙarƙashin umarnin ma'aikatarsa, doka ta ba gwamnati mallakarsa, in dai ba a yi wata yarjejeniya ta daban ba. Wanda aka tsinta a shafin wani matashi a Bukuru ko Tudun Wada kuwa nasa ne.

Maganin bai da tsada: a nemi mai hoton, a yi ciniki, a rubuta inda za a yi amfani da shi da tsawon lokacin, a biya shi, a sa sunansa. Su ma masu ɗaukar hoto ya kamata su adana asalin hotunansu a wajen dandalin, su riƙa ɗora ƙaramin kwafi mai ɗauke da sunansu, domin idan magana ta kai gaban alƙali, asalin hoton ne shaidarsu.